Baƙin Manaɗin da Ka Ɗauka a Jinkar Ɗakina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalan gidansa.

Daga mahaifiyarka zuwa ga ɗanta na fari, wanda yake hannun kawunsa a bakin babban gulbi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka lafiya, ƙafarka ba ta kumbura a hanya ba. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba, don kai ne na fari, kuma haka muka tarar ana yi. In ina so ka zo ka ci tuwo, bango nake gaya wa cewa tuwo yana hucewa. To yau kunyar ta ƙare mini. Na zo wurin Gwaggo Amina matar liman, na roƙe ta ta rubuta abin da zan faɗa. Karatun da ka yi zai ishe ka ka karanta da kanka. Kada ka ba kowa ya karanta maka.

Kafin komai, baƙin manaɗin nan da ka tsinta a jinkar ɗakina, kada ka shiga ruwa da shi. In ka riga ka naɗe igiyar fatsarka a jikinsa, ka ajiye takardar nan, ka je ka warware ta, sannan ka dawo ka ci gaba da karatu. Hannunka nake ji wa tsoro.

Jiya da rana na sani, kwana uku da tafiyarka. Na kai wa babanka fura a gindin rumbu, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Ina tsugune zan miƙa masa sai ya ce, “Ɗanlami fa ya yi sa'a. Ina ta tunanin inda zai samu manaɗi tunda nawa ya tsage, ashe ya huta da saye.”

Na ce, “A ina ya samu?”

Ya ce, “A ɗakinki mana, ranar da ya hau gyara miki jinka. Ya ce baƙi ne wuluk kamar kanya. Ni ban ma gan shi ba, ya riga ya cusa a burgami. Ashe ke ma masunciya ce kika ɓoye mana?”

Yana dariya yana faɗa. Ni kuwa ban san lokacin da ƙwaryar ta fita daga hannuna ba. Furar ta zube a ƙafarsa. Shekara goma sha takwas abin nan yana soke a cikin ciyawa a saman kaina, ban taɓa tunanin hannunka ne zai zaro shi ba.

Yanzu zan gaya maka yadda aka yi ya shiga gidanmu. Kuskurena ne daga farko har ƙarshe.

Lokacin ina amarya, ban cika shekara a gidan ba. Babanka yana da manaɗin da ya gada wurin kakanka, na itacen kirya, mai nauyi, hannu ya goge shi har yana sheƙi. Ni a ganina itace ne kawai da ake naɗe igiya a jiki. Sai daga baya na gane aikinsa: akwai rami a tsakiyarsa da ake zura sanda, masunci ya riƙe sandar, in babban kifi ya ja sai manaɗin ya riƙa juyawa yana sakin igiya, mutum yana danna gefensa da babban yatsa har kifin ya gaji. Wato shi ke ɗaukar wahalar da hannu zai ɗauka. Ban san haka ba, kuma ban tambaya ba.

Damina ce, babanka kullum yana gona, manaɗin yana rataye. Ni kuma na yi kaɗi da yawa, na rasa inda zan naɗe zarena. Sai na sauko da shi, na warware igiyarsa, na naɗe zarena a kai. Na ajiye shi kusa da murhu na tafi rijiya. Kafin na dawo iska ta hura wuta, zaren ya kama, gefe ɗaya na manaɗin ya cinye. Da babanka ya dawo na nuna masa ina kuka. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, “To, kin dafa mana kirya, ina miyar?” Bai ƙara komai ba, sai cewa in an gama girbi zai je wurin masassaƙi.

Don haka ina gaya maka, a gidan kawunka za ka ga kayan aiki iri-iri a rataye waɗanda ba ka san su ba. Kada ka sauko da ko ɗaya don ka ga kamar ba a amfani da shi. Ka tambaya. In sun yi maka dariya, dariya ba ta ƙona komai.

Da na haƙura na bar shi ya je wurin masassaƙin, da ba a kai ga haka ba. Amma rashin faɗan da ya yi mini ya fi duka ciwo. Na ce a raina ni zan mayar masa da abinsa. Ranar kasuwar Maska na bi wata tsohuwa maƙwabciyarmu, muka je sayar da zare. Layin masaƙa muka shiga, don can ake sayen zare, kuma can kaɗai na sani a kasuwar. Na ga wani dattijo ya baje kayan saƙa a tabarma, da ƙoshiya da kwarkwaro da sauransu, a gefe kuma ga manaɗai baƙaƙe guda biyu, masu rami a tsakiya, girmansu ɗaya da na babanka. Na tsaya a kansa ina kallon ƙasa.

Ya ce, “Amarya, kin yar da allura ne kike ta kallon ƙasa?”

Na ce, “Manaɗi nake so.”

Ya ce, “Na wane aiki?”

Ka ga mutumin ya tambaye ni. Allah Ya sani bai cuce ni ba. Amma maza sun kai biyar a zaune a wurin, ni kuma in na ce na kama kifi ne, dole in ce na mijina ne, kuma bakina ya ƙi furta kalmar miji a gabansu. Sai na ce, “Na naɗi.”

Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, “Da mun ɗauka na daka ne.” Dattijon ya ce, “Ku bar yarinya. Ga su nan, duk na naɗi ne. Kawo wuri talatin ki kwashe duka biyun, na gaji da ɗaukar su.”

Na ji ana cewa na masunta yana da tsada, sai ga biyu a kuɗin da bai kai na zarena na rana ɗaya ba. Maimakon arahar ta tsorata ni, sai ta faranta mini rai. Na ƙulle su a zane na dawo gida ina jin na yi abin kai.

Ba kanya ba ne, ɗana, ba kuma kirya ba. Rimi ne. Manaɗin masaƙa ne, wanda aka yi shekara da shekaru ana naɗe masa jiƙaƙƙen zare daga marina, shuni ya shiga jikinsa ya mai da shi baƙi. Suna ɗaya suke da na masunta, siffa ɗaya, amma shi zare kawai aka yi shi ya ɗauka, kuma zare ba ya ja da mutum. Duk wanda ya tashi kusa da marinar Maska idonsa ya saba da baƙin abu, yana ganin baƙi sai ya ce mai kyau ne. Haka ya ruɗe ni, haka ya ruɗe ka.

To ga yadda za ka nemi wani, kuma ba sai kana da kuɗi da yawa ba. Waɗannan ba sanina ba ne, na babanka ne, na tsince su ina daka yana gaya wa masu zuwa wurinsa. Kada ka nufi inda ake sayar da kayan saƙa. Ka nemi masu sassaƙa turmi da ƙota. In sun sare kirya don turmi, kullum akwai guntun da ke ragewa wanda bai isa komai ba, suna jefar da shi gefe. Shi za ka ce a fafe maka. Itacen ɗaya ne da na mai tsada, ado ne kawai babu. Kada ka biya kuɗin zane a jikinsa, kifi ba ya kallon zane. In kuma ka ji labarin wani tsohon masunci da ya daina shiga ruwa, ka je ka gaishe shi da goro ka tambayi nasa. Ko ya yi muni, ko gefensa ya ɗan cinye, in dai ramin tsakiya bai tsage ba, ya fi sabo.

Kuma ka buɗe baki ka faɗa da ƙarfi, ko mutum nawa ne a wurin: na kama kifi nake so, babban kifi. Kada ka gaji kunyata.

Duk wanda aka miƙo maka, ka fara auna shi a tafin hannu. In ka ji ba nauyi, ka mayar. Ka danna farcenka a jikinsa, in farce ya shiga, ka mayar. In baƙi ne, ka tofa masa yawu ka goga a hannun rigarka, in ya bar shuɗi a jiki ka san daga marina ya fito. Ka ɗan kankare gefensa da wuƙa ka ga cikinsa, rimi fari ne fat a ciki. Sannan ka zura sanda a ramin ka juya shi kusa da kunnenka. Mai kyau yana tafiya sumul. In ka ji yana ƙwanƙwasa ko yana rawa, ramin ya karkace, zai maƙale maka ranar da kake buƙatarsa. Mai sayarwa zai ce ka cika bincike kamar mai sayen doki. Ka ce masa eh.

In ba ka samu wanda ƙarfinka zai kai ba, ka zauna a tudu. Ka taya kawunka ɗinkin komarsa ta kama kifi, ka shanya kifi, ka yi wa wani masassaƙi aiki na kwana biyu ko uku ya biya ka da guntun itace. Gulbi yana nan, ba zai ƙafe kafin ka shirya ba.

Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi nauyi. Da na kawo manaɗan gida, na ɓoye ɗaya don in ya ɓata in fito da shi, na kai wa babanka ɗaya. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama da ƙasa a hannu, ya ce, “Wannan ai ba shi da nauyi. Ina kika samo shi?”

Nan ne ya kamata in ce layin masaƙa. Da na faɗa, da dariya kawai zai yi ya ba ni abina in naɗe zare. Amma na ji kunyar ya san arahar da na saye shi. Sai na ce, “Yaya ne ya aiko maka da shi daga gulbi. Ya ce irinsa masunta suke yi yanzu.”

Kawunka nake nufi, wanda kake gidansa yau. Babanka ya ce, “To, su ne a bakin babban ruwa, sun fi mu sani.” Bai danna farce ba, bai kankare ba. Wa zai sa wuƙa a kyautar suruki a gaban ƙanwarsa? Ya ce in aika masa da godiya.

Da na zo nan a magana, Gwaggo Amina ta ajiye alƙalami ta dube ni ta ce, “Habi, ke?” Na ce ni. Sannan ta sake ɗauka.

Ka ga ƙaryar ba ta kai tsawon numfashi ɗaya ba. Kada ka taɓa jingina abu da sunan wanda ake jin nauyinsa don a karɓa ba bincike. In kai ka saya, ka ce kai ka saya, ka faɗi inda ka saya.

Bayan girbi, da ruwa ya fara ja baya, babanka ya tafi zurfin nan na rafinmu da ke ƙarƙashin dutse da hantsi. Ina da cikinka wata bakwai. Ban je ba, shi ya ba da labari daga baya, da masu wanki da suka gani. Wani ƙaton kifi, ramboshi, ya haɗiye koto ya ja. Manaɗin ya riga ya sha ruwa sosai, ya juya sau biyu ko uku sai ya dare gida biyu a hannunsa. Igiyar ta fara gudu. Babanka ya cafke ta ya nannaɗe a hannun dama, don yana ganin kifin, kuma igiyar ta ci wata guda ana tufka ta. Kifin ya fizga, ƙafarsa ta zame a kan dutse, ya faɗa ruwa, igiyar ta shaƙe yatsu biyu. Kafin mutane su kai gare shi su yanke ta, ta riga ta shiga har ƙashi. Kwana bakwai ana sa magani, yatsun suna ƙara baƙi. Rana ta takwas wanzami ya cire su. Ni na riƙe ƙwaryar ruwa.

Kai ka tashi ka ga hannun a haka, an ce maka kifi ne. Ba kifi ba ne, ni ce.

Ko ka samu manaɗin da ya fi na kowa, wata rana wani abu zai faru, sanda ta karye ko igiya ta harɗe. Ranar nan kada ka naɗa igiya a hannunka, ko zagaye ɗaya. Ka sake ta ta tafi da kifin. Igiyar da ke wurinka ni na kaɗa zarenta, kuma ina da auduga, zan kaɗa wani.

Na ƙarshe shi ne shirun da na yi. Ɗayan manaɗin na soke shi a jinka. Sau da yawa na yi niyyar jefa shi a murhu, sai in ji kamar in na ƙona shi na wanke kaina ne, kuma ban cancanta ba. Duk lokacin da za a sake jinka sai in riga kowa in zare shi, in an gama in mayar. Bana ranar da ka hau ina gidan suna, na manta da shi sarai. Shekarun nan duka babanka bai taɓa cewa komai a kan kawunka ba, amma ina gani, in ya zo gaisuwarsu ba ta wuce ta fatar baki. Kawunka ya taɓa tambayata, “Habi, na yi wa mijinki wani abu ne?” Na ce halinsa ne. In ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun yana ƙarami. Nawa na bar shi ya girma tare da kai, har ya bi ka hanya a cikin burgami.

Jiya, da furar ta zube, babanka ya ce, “Ke, lafiya?” Sai na gaya masa duka, a tsugune, kaina a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗaga hannun ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, “Shekara goma sha takwas ina gaida yayanki da rabin baki.” Ya miƙe, furar tana ƙafarsa bai ko wanke ba, ya ce, “Yaushe suke fara shiga ruwa a can?” Na ce ban sani ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi Maska a ƙasa, ya dawo bayan la'asar, ya samu wani falke da zai bi ta Dandume ya yi yamma gobe da safe. Falken ne zai kawo maka takardar nan. Babu lokacin da za a sassaƙa wani a haɗo maka da shi, shi ya sa na tsaya na yi maka bayanin zaɓe dalla-dalla.

Wataƙila kawunka ya riga ya ga manaɗin ya hana ka. Ina roƙon Allah haka ne. Amma na san ka, kana da zurfin ciki irin nawa. Za ka ɓoye shi ka tafi kai kaɗai ka gwada, don ka dawo da kifi ka ba su mamaki. Wannan ne ya hana ni cin abinci tun jiya.

Ka je wurin kawunka ka gaya masa abin da na yi da sunansa, ka ce ƙanwarsa tana neman gafara, in na gan shi zan faɗa da bakina. Manaɗin kuma ka sa gatari ka raba shi biyu a gabansa, ku ga farin cikin tare, sannan ka jefa a wuta.

Tun jiya babanka bai yi mini magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ɗazu muna cikin rubutun nan ya yi sallama a ƙofar gidan liman. Gwaggo ta fita, na ji yana cewa, “Gwaggo, a bar mini wuri a ƙasan takardar.” Ta ce, “Me za a rubuta maka?” Ya ce, “Ba rubutu ba ne. A miƙo mini tawada.”

Saboda haka zan tsaya nan don wurin ya ishe shi. Ina gaida kawunka da iyalinsa, ina gaida duk wanda ya ba ka ruwa a hanya. Allah Ya sa takardar nan ta riga ka zuwa bakin ruwa. Allah Ya tsare ka daga zurfi da santsin dutse, Ya ba ka abincinka cikin sauƙi, Ya dawo mana da kai da duk abin da ka tafi da shi a jikinka. Amin.

Abin da za ka gani a ƙasa tafin hannun babanka ne na dama, ya shafa tawada ya danna. Ya ce wa Gwaggo a gaya maka ka ɗora naka a kai kafin ka tafi kasuwa.

Wassalam. Mahaifiyarka.